Allo kore shar amma reshen Gusau a mace, yaya ake sa ido kan kowane VC shi kaɗai?

ɗan_Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum injiniyoyin gidan nan, da fatan an wuni lafiya. Dan Allah ku taimaka min da shawara don wallahi makon jiya na sha kunyar da ban taɓa sha ba tunda na fara aikin nan.

Ga yadda abin yake. Hedikwatarmu tana Kano, muna da rassa shida, Katsina, Funtua, Gusau, Dutse, Haɗejia da Azare. Kamfanin da ke ba mu layi faiba ɗaya tal ya kawo mana ofis, fot ɗaya mai giga ɗaya, a cikinsa kowane reshe da lambar VLAN ɗinsa, wato lambar da ke raba zirga-zirgarsa da ta saura, intanet ɗinmu ma mega 100 ta nan take shigowa. Su a ɓangarensu sun ce MPLS ne, wato tsarin da suke raba layuka da shi a netwok ɗinsu, kowane reshe an yanka masa VC nasa, wato hanyarsa shi kaɗai a cikin netwok ɗin, daga Kano har can. Ni dai abin da nake gani a rautar Cisco ta hedikwata ƙananan fot ne guda bakwai a ƙarƙashin babban fot ɗin, rassan kuma duk MikroTik ne. Na ɗora Zabbix, manhajar sa ido kan netwok, a wata tsohuwar saba tana karanta rautar ta SNMP, wato hanyar da ake tambayar na'ura halin da take ciki, duk minti biyar, har da babban talabijin a bango.

To ranar Talata layin Gusau ya mutu tun wajen tara na safe, ni kuwa ina zaune allo kore shar, ƙaramin fot ɗin Gusau yana cewa lafiya lau, har shayi na aika aka kawo min. Manajan reshen shi a zatonsa na sani ina kan gyara, da ya gaji da jira bayan azahar sai ya kira oga kai tsaye. Oga ya sauko da kansa ya tsaya a bayana ya ce "Malam, wannan talabijin da aka saya maka me take nuna maka ne?" Na rasa bakin magana. Da na kira masu layi sai suka ce ai ban buɗe tikiti ba sai ƙarfe biyu, daga nan lissafinsu zai fara.

Tambayoyina uku ne. Ta yaya zan ga halin kowane VC shi kaɗai ba wai fot ɗin ba? Na biyu, zanen babban fot ɗin wani lokaci yana yin giɓi ko ya faɗo ƙasa warwas a daidai lokacin da na san an fi cin layi. Na uku kuma tun da wuta ta ɗauke rautar ta sake tashi, zanen da ke da sunan Katsina sai na ga kamar zirga-zirgar Dutse yake nunawa. Aljanu ne ko ni ne ban iya ba? Nagode.

Baba_Serial ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗana. Ba aljanu ba ne, kuma ba kai kaɗai ba, duk wanda ya daɗe a harkar nan an taɓa tsaya masa a baya haka.

Abin da allonka yake gaya maka gaskiya ne, tambayar da ka yi masa ce ba ita ba. Ka tambaye shi ko wayar da ke tsakanin rautarka da na'urar masu layi da ke cikin ofishinku tana da rai, ya ce maka tana da rai, kuma tana da shi ɗin. Wayar nan ƙila ko mita biyu ba ta kai ba. Ƙaramin fot na VLAN a Cisco ba shi da ra'ayin kansa, uban yake bi, in uban na tsaye shi ma yana tsaye ko da an tone faibar Gusau gaba ɗaya an naɗe an tafi da ita.

Bari in ɗan koma baya don ka ga inda matsalar ta samo asali, ku yi haƙuri da surutun tsoho. Zamanin da muke haɗa rassa da Frame Relay, wasu ta tauraron ɗan adam wasu ta layin E1 mai mega 2.048, tsarin kusan irin naka ne, waya ɗaya a hedikwata, a cikinta PVC da yawa, wato VC na wancan zamanin, ba PVC na zaɓe ba kuma ba na silin ba kafin yaran gidan nan su fara, kowanne da lambarsa da ake kira DLCI. Amma akwai wani abu da muke da shi wanda kai ba ka da shi, wato LMI. Duk daƙiƙa 10 rauta tana gaisawa da suwic ɗin masu layi, a gaisuwa ta shida kuma, wato duk minti ɗaya, sai ya karanto mata cikakken jerin PVC ɗinta da halin da kowanne yake ciki. In ka buga show frame-relay pvc za ka ga ɗaya cikin uku. ACTIVE lafiya lau har can. INACTIVE naka ɓangaren ƙalau, matsalar tana can ɗaya bakin. DELETED kuwa suwic ɗin ma bai san da wannan lambar ba, ko dai kai ka rubuta DLCI ba daidai ba ko su sun goge. Ka ga tun kafin ka ɗaga waya ka san wanda za ka yi wa faɗa.

Kuma duk wannan yana fita ta SNMP. Akwai teburi a MIB ɗin Frame Relay, wato kundin bayanan da SNMP ke karantawa, RFC 1315 na 1992 wanda RFC 2115 ya maye gurbinsa a 1997, sunansa frCircuitTable, yana zaune a 1.3.6.1.2.1.10.32.2, kowane layi a ciki lambar fot ce haɗe da DLCI. frCircuitState ya ba ka 2 yana aiki, 3 ya kwanta. A nan dai za ka samu adadin abin da ya shiga da wanda ya fita ga kowane PVC, da FECN da BECN, alamomin da suwic ke liƙa wa fakiti in hanya ta cunkushe. Ni BECN nake fi kallo, in ya fara hawa da ƙarfe goma na safe na san reshen nan ya wuce CIR ɗinsa, wato gudun da aka saya masa, kafin su kira su ce layi na ja na riga na rubuta wa oga takardar ƙarin kuɗi. Da MRTG muke zana su, na Tobias Oetiker, kowane PVC sai ka rubuta masa layinsa da hannu a fayil, mu da muke da talatin da wani abu kwana muke yi.

Ko a lokacin akwai tarkon da ya kama ka. Wanda ya zuba duk DLCI ɗinsa a fot ɗaya ko ya yi multipoint, fot ɗin ba zai faɗi ba don PVC ɗaya ya mutu, wanda ya yi point-to-point kuwa PVC na mutuwa ƙaramin fot ɗinsa zai bi shi. Shi ya sa muke dagewa kan na biyun.

Da aka koma Ethernet an samu gudu da arha amma an bar wannan gaisuwar a baya, babu mai gaya wa rautarka komai sai in an saita. An yi wani mai kama da shi da ake kira E-LMI, amma sai masu layi sun kunna a nasu ɓangaren, ni kam ban cika ganin ana bayarwa ba sai an roƙa. Don haka tunda ba mai kawo maka labari dole ka aika ɗan aike da kanka har can ya dawo. Yadda ake yi a na'urorin yanzu na bar wa yara, akwai wata injiniya a gidan nan da ke aiki ɓangaren masu layi, ta fi ni sanin wannan.

Injiniya_Hausa ta rubuta:

Baba ina gaisuwa, ka riga ka share min hanya.

ɗan_Fagge, daga inda nake zaune ga yadda layinka yake. VC ɗinku a wurinmu pseudowire ne, yana farawa daga rautarmu ta Kano ya ƙare a rautarmu ta garin reshen, yana da lambar VC ɗinsa, mu ne muke ganinsa in mun buga show mpls l2transport vc ko muka karanta pwOperStatus a MIB na RFC 5601. Rautarka ba ta cikin wannan hirar sam, ita VLAN kawai ta sani, saboda haka kar ka ɓata lokaci kana neman wannan teburin a na'urarka, fayau za ka same shi. Kana iya roƙon masu layinku su ba ka damar karantawa kawai ko su turo maka alat, wasu suna yarda wasu ba sa yarda. Kuma in gaya maka gaskiya ko sun ba ka bai wadatar ba, don sau da yawa VC yana tsaye a wurinmu amma abin da ya mutu shi ne guntun ƙarshe daga hasumiyarmu zuwa ofishin reshe, rediyo ya juya da iska ko masu aikin titi sun yanke faiba.

Abin da za ka yi yau ba sai ka jira kowa ba, kowane reshe ai akwai ƴan adireshi biyu na /30 da ke kan layin, ɗaya naka ɗaya nasu. Sa rautar hedikwata ta riƙa taɓa na can ɗin da IP SLA, misali

ip sla 13
icmp-echo 10.10.13.2 source-interface GigabitEthernet0/0.113
frequency 10
ip sla schedule 13 life forever start-time now

ka yi guda shida, lambar kowanne ta yi kama da VLAN ɗinsa don kar ka rikice. Sakamakon yana fita ta SNMP a CISCO-RTTMON-MIB, rttMonLatestRttOperSense in ya ba ka 1 an je an dawo, rttMonLatestRttOperCompletionTime kuma shi ne jinkirin. Ka duba dai ko lasisin rautarka ya yarda da IP SLA, in bai yarda ba Zabbix kanta tana da icmpping da icmppingloss da icmppingsec, ka sa fping a sabar kawai, kowane VC ka yi masa host nasa da adireshin can ɗin, duk daƙiƙa 30. Kar ka tsaya a kan ya mutu ko bai mutu ba, ka zana asarar fakiti da jinkiri, don layin da ke zubar da kashi 5 cikin 100 ya fi wanda ya mutu cin rai, kowa na ƙorafi kai kuma ba ka ga ja ba.

Tambayarka ta biyu lissafi ne kawai. Ina kyautata zaton SNMP v1 kake amfani da shi kana karanta ifInOctets, ma'aunin nan bit 32 ne, yana kaiwa 4,294,967,296 sai ya koma sifili kamar mitar tsohuwar mota. A mega 100 cikin minti 5 da daƙiƙa 43 ya zagayo, in kana karantawa duk minti biyar to da zarar fot ɗin ya wuce wajen mega 114 ma'aunin ya riga ya kewayo kafin ka dawo, in sabon adadin ya gaza na baya Zabbix ta yar da shi ka ga giɓi, in ya ɗan ɗara ta zana maka ƙaramin abu kamar ba a aiki. Kai kuma intanet mega 100 haɗe da zirga-zirgar rassa shida a fot ɗaya, dole ka wuce. Koma v2c ko v3 ka karanta ifHCInOctets da ifHCOutOctets masu bit 64, wannan har ka yi ritaya ba zai zagayo ba.

Ta uku kuma ifIndex ne. Lambar da SNMP ke kiran kowane fot da ita ba dole ta zauna yadda take ba bayan rauta ta sake tashi, musamman in ka ƙirƙiri ƙananan fot ɗin ba a jere ba ko ka taɓa goge wani. Kai ka rubuta lambar da hannu, rauta ta sake rabon lamba, sunan Katsina ya hau kan Dutse. Buga snmp-server ifindex persist ka adana saitin, sannan kowane ƙaramin fot ka rubuta masa description mai ma'ana, sunan gari da lambar layin da ke kan takardar masu layi, ka bar Zabbix ta gano su da kanta ta ɗauko sunan daga ifAlias. Ranar da za ka kira mu lambar layin nan ce farkon abin da za mu tambaye ka, ba ma sanin "na Gusau".

ɗan_Fagge ya rubuta:

Baba Allah ya ƙara girma, Anti Allah ya saka da alheri, wallahi v1 ɗin ne kuwa, community ɗin ma, wato kalmar sirrin SNMP, public ne ban taɓa canzawa ba, kar a faɗa wa kowa. Na gyara na biyu da na uku tun daren jiya, zanen ya miƙe.

Amma ga wani sabon abu. Tun kafin in ga amsarku, ranar Laraba da zafin abin na riga na sa ping zuwa rassan amma adireshin LAN na MikroTik ɗin na sa. Yau da na canza zuwa na /30 kamar yadda kika ce sai Dutse ta yi ja nan take, alhali ta LAN tana kore kuma mutanen can suna aiki. Na biyu kuma daga safe zuwa yanzu alat 41 ya shigo min Telegram, yawanci Haɗejia da Azare, ya mutu ya dawo ya mutu ya dawo, har na kashe ƙarar wayar.

MaiMikrotik ya rubuta:

hhhh oga Dutse tana kan SIM ne, je ka duba. in akwai modem na 4G a reshen da tanel na ko-ta-kwana to layin haya ya mutu hanya ta koma ta SIM, adireshin LAN kuwa ta kowace hanya ana isa gare shi shi ya sa yake kore, na /30 ɗin ne kaɗai ba shi da wata hanya sai ta VC ɗin. ni haka ta taɓa faruwa da ni a wani wurin da na yi aiki, kwana tara muna kan SIM ba wanda ya sani muna kuma biyan kuɗin layin da ba ya aiki, ranar da data ta ƙare ranar asiri ya tonu, aka ce ni ne na cinye datar da kallon ƙwallo. ka bar duka biyun kar ka goge ko ɗaya, na /30 sunansa VC, na LAN sunansa reshe, in VC ja reshe kore kana kan SIM ka kira masu layi ba gaggawa sosai, in duka biyu ja to ka fara kiran mai gadi ka tambaye shi ko akwai wuta kafin ka tada hankalin kowa.

Haɗejia da Azare ɗin nan ma ina zargin wuta ce ba layi ba, lokacin da ake canzawa daga NEPA zuwa janareta in batirin inbata ya mutu rauta sai ta mutu ta tashi. hanyar ganewa mai sauƙi ka karanta sysUpTime na MikroTik ɗin ta SNMP, in layi ya dawo ka ga agogon ya koma minti biyu to na'urar ce ta mutu ba ruwan masu layi, in kuwa yana nan da kwanakinsa to nasu ne. wannan kaɗai ya raba ni da gardama da yawa. sai dai ka sani agogon nan shi ma yana zagayowa bayan kwana 497 amma a ƙasar nan rautar reshe da za ta yi kwana 497 ba ta mutu ba ai sai a yanka mata rago.

maganar yawan alat kuma kar ka bari bugu ɗaya ya tashe ka, ka sa sai an rasa uku a jere, max(/host/icmpping,#3)=0, kuma ka ɗaura duk rassan a kan babban fot na hedikwata da dependency, don in faibar Kano ce ta yanke saƙo ɗaya ya ishe ka ba bakwai ba. kuma oga ka yi tunani in faibar Kanon ta yanke ta ina saƙon Telegram ɗin zai fita? intanet ɗinka ai a cikinta take. sa wa sabar modem nata daban ko da na SMS ne.

abu na ƙarshe kar ka auna layin reshe da ping zuwa 8.8.8.8 kamar yadda yara ke yi. ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma intanet ta rikice ko'ina, wani abokina allonsa ya yi ja gaba ɗaya ya tada duk rassa, alhali layukan da ke tsakanin ofisoshinsu ko gezau don ba sa fita ƙasar.

Sysadmin_KD ya rubuta:

Ni fa ban gamsu da a dogara da ping ba. Duk daƙiƙa 30 sau uku minti ɗaya da rabi kenan kafin ka sani, mu a wurinmu BFD, wato gaisuwar sauri tsakanin rautoci, muke sawa a kan OSPF, tsarin da rautoci ke zaɓar hanya da shi, millisakan 300 sau 3, ƙasa da daƙiƙa ɗaya maƙwabci ya faɗi rauta ta turo trap, wato saƙon da take aiko wa saba da kanta, shikenan. Me ya sa za a koma zamanin da?

Injiniya_Hausa ta rubuta:

Malam Sysadmin ba ka yi ƙarya ba amma aikin biyu ne daban. BFD don rauta ta canza hanya da sauri ne, shi kuwa ɗan uwanmu so yake ya riga manaja kiran oga, minti ɗaya da rabi ya ishe shi. Kuma rabin rassansa na tabbata guntun ƙarshe rediyo ne, ka sa millisakan 300 a kan rediyo da damina ka ga yadda OSPF zai wuni yana faɗuwa yana tashi. In zai sa, ya sassauta lokacin, ya kuma duba ko sigar RouterOS ɗinsa tana ɗauka. Trap kuma UDP ne a fot 162, an harba an manta, in ya ɓace a hanya ba mai sake turowa, sai dai ka yi amfani da inform wanda ke jiran amsa. Ni ina sa trap don sauri amma ba na taɓa cire tambayar da saba ke yi da kanta.

Akwai wani abu da na manta jiya kuma ya fi duk waɗannan wahalar kamawa. Ping na yau da kullum ƙaramin fakiti ne. Wani lokaci babbar hanyarmu ta yanke sai mu juya VC ɗinka ta wata hanyar da MTU ɗinta, wato iyakar girman fakitin da take ɗauka, bai kai ba, ka tuna fakitinka a cikin netwok ɗinmu an ɗora masa lakabin MPLS biyu kowanne bayit 4 ga kan Ethernet ga VLAN, sai ƙanana su wuce manya su maƙale. Alamar ita ce ping lafiya, waya lafiya, amma manhajar kuɗi ta buɗe shafin farko ta tsaya cak. Don haka ka ƙara gwaji na biyu mai cikakken girma wanda ba a yarda a raba shi ba, a Cisco ping da size 1500 df-bit, a Linux ping -M do -s 1472, ko da duk minti biyar ne.

In kuma kwantiraginku zai zo sabuntawa ka sa oga ya nemi CFM, wato 802.1ag da Y.1731. Shi ne ainihin magajin LMI ɗin da Baba ke kewa, bakin nan da bakin can suna aika wa juna gaisuwa a cikin VLAN ɗin kanta ba ruwansu da IP, matakai takwas ne 0 zuwa 7, abokin ciniki yana zama a 5 zuwa 7 mu muna ƙasa, kowa na ganin nasa. Sai dai na'urorin rassanka sai ka bincika ko suna yi, ba kowace ƙaramar rauta ba.

Maganar tikiti kuma, duba takardarku. In an rubuta kashi 99.5 a wata mai kwana 30 awa 3 da minti 36 ne kawai aka yarda layi ya kwanta, in 99.9 ne minti 43. Awa biyar ɗinka ta Talata ta wuce duka biyun, amma da yake yawancin kwantiragi daga buɗe tikiti ake ƙirgawa, ka sa Zabbix ta tura imel kai tsaye zuwa teburinsu da lambar layin a kan saƙon. Kuma saita NTP a sabar da duk rautocin, in agogonka ya bambanta da namu da minti ashirin ba wanda zai karɓi zanenka a matsayin hujja. Kar ka ce ni na gaya maka.

Baba_Serial ya rubuta:

Ƴata kin gama magana. Ƙari ɗaya, in akwai reshen da ke kan VSAT kar a sa masa ma'aunin jinkiri irin na faiba, tauraron yana sama da kilomita 35,000, zuwa da dawowa rabin daƙiƙa ne da ɗoriya ko da komai lafiya. Kowane VC ka kalle shi mako guda ka ga yadda ya saba kafin ka yanka masa iyaka. Kuma ɗana ka canza public ɗin nan yau, ka sa v3 da authPriv, ka rufe fot 161 ga kowa sai sabarka.

ɗan_Fagge ya rubuta:

Na dawo da rahoto. MaiMikrotik ka canka, Dutse tana kan SIM tun ranar Lahadi ashe, saura giga ɗaya da ɗan wani abu datar ta ƙare, na buɗe tikiti sun je sun tarar rediyon kan rufin ne ya karkace. Azare wuta ce, sysUpTime yana komawa sifili sau biyar shida a rana, an rubuta a sayi batir. Haɗejia kuwa agogon bai motsa ba kwana 23, asarar fakiti ce ke hawa kashi 8 zuwa 12 daga sha biyu zuwa uku na rana sannan ta sauka, na tura musu zanen sun ce za su duba, har yanzu dai ana dubawa.

Allon yanzu layi biyu ne ga kowane gari, VC da reshe, na sa na cikakken girman ma duk minti biyar. Jiya da yamma Funtua ta yi ja ƙarfe 4:12, na kira manajan 4:15 ya ce shi bai ma lura ba tukuna. Public ya tafi, v3 ya hau a Cisco, saura MikroTik guda biyu da suka ƙi karɓar kalmar sirrin, ina zargin irin ɓoyewar da na zaɓa ce ba ta dace da tasu ba. Wanda ya taɓa haɗa v3 tsakanin Zabbix da RouterOS dan Allah ya gaya min wanne ya zaɓa, SHA da AES ko kuwa?